Digirin Halayyar Ɗan'adam da Zamantakewa: Yana Mayar da Kuɗin da Aka Kashe? Lissafi daga Gamawa

A duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta fara ba da guraben karatu, akwai tambayar da kan taso a zaurukan gidaje a Gamawa da Udubo da Gololo da sauran garuruwan ƙasar Katagum. Yaro ya nemi likitanci ko lauya bai samu ba, sai aka ba shi soshiyoloji, ko kuma yarinya ta zo da takardar shiga sashen nazarin halayyar ɗan'adam. Mahaifi, wanda zai sayar da buhunan riɗi ko ɗan maraƙi kafin a biya kuɗin rajista, yakan yi tambaya ɗaya tak: wane aiki ake yi da shi?

Tambayar ba ta raina ilimi ba ce. Ƙaramar hukumar Gamawa, wadda ƙidayar 2006 ta ce tana da mutum sama da 286,000, ƙasar noma da kiwo ce a kan iyakar Bauchi da Yobe, kuma mafi yawan gidaje ba su da albashin wata. Abin da aka kashe a kan ɗalibi ɗaya an cire shi ne daga kuɗin taki, ko na auren 'yar'uwarsa, ko na karatun ƙanensa. Don haka ya dace a yi lissafin da idon basira.

Abin da ake nufi da fannin

Ilimin halayya rumfa ce da ta tattara kwasa-kwasai da dama. Akwai saikoloji, wanda ke nazarin tunani da ɗabi'ar mutum ɗaya. Akwai soshiyoloji, mai nazarin yadda jama'a ke zama tare. Akwai nazarin laifuka da tsaro. Akwai kuma aikin walwalar jama'a, wanda ke horar da masu kula da marayu da mata da yaran da suka shiga matsala. A Arewa soshiyoloji ne ya fi yawan ɗalibai, ana kuma koyar da shi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Bayero a Kano, da Jami'ar Maiduguri, da wasu da dama. Saikoloji ya fi ƙaranci. Sashensa na farko a ƙasar nan an buɗe shi ne a Nsukka a 1964, kuma a Arewa Jami'ar Jos ce ta daɗe da yin suna a kansa.

Ga ɗan Gamawa, jami'ar da ta fi kusa ita ce ta jiha da ke Gadau, wadda ta fara aiki a 2011, a yanzu kuma ake kira Jami'ar Sa'adu Zungur. Sai dai akwai abin da iyaye da yawa ba sa lura da shi sai takarda ta fito: tsangayar kimiyyar zamantakewa da gudanarwa ba a Gadau take ba, tana reshen jami'ar da ke Bauchi, tafiyar kusan kilomita 200 daga Azare. Manyan makarantun da ke Azare kuwa, wato Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021 da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, sun karkata ne ga aikin asibiti da malanta. Ke nan wanda ya zaɓi wannan fanni ya zaɓi barin gida, da duk abin da barin gida ke ci.

Ita kanta gwamnati ba ta ɓoye ra'ayinta ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe da tsara cewa kashi 60 cikin 100 na guraben jami'a su tafi fannin kimiyya, 40 su tafi sauran. A 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, yayin miƙa lasisi ga sababbin jami'o'i masu zaman kansu, ya bayyana cewa masu digirin kimiyyar zamantakewa sun riga sun wadata a ƙasar, abin da ake buƙata yanzu shi ne masu fasaha da sana'a. Maganar ta jawo muhawara, amma ta nuna inda iskar ke kaɗawa.

Kuɗin da ake gani da wanda ba a gani

Kuɗin rajista shi ne wanda kowa ke ƙorafi a kai, amma sau da yawa shi ne ƙarami a cikin lissafin. Abinci da hayar ɗaki da kuɗin mota da bugun takardu da datar waya su ne ke cinye aljihu, musamman tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, mafi girma cikin kusan shekara talatin. Gidan da ke aika wa ɗalibi gero da wake da ƙuli-ƙuli daga gona ya rage wani abu, amma gero ba ya biyan kuɗin mota.

Akwai ma'aunin da za a iya riƙewa. Asusun ba ɗalibai rance na tarayya, NELFUND, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata don ɗawainiyarsa. Idan aka ɗauka cewa wannan ne kaɗai ɗalibin ke kashewa, kuma kowa ya san ba ya isa, a shekara huɗu ya kama naira 960,000, ba a sa kuɗin makaranta ba.

Kuɗi na biyu shi ne wanda ba a rubuta shi a rasit, wato abin da yaron zai samu da bai tafi jami'a ba. Masana tattalin arziki suna ɗaukar wannan a matsayin mafi nauyi. A misali, idan saurayi zai iya samun abin da ya kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a wata ta hanyar fataucin hatsi ko gyaran babur ko noman rani, shekara huɗu a aji sun raba shi da naira 3,360,000. Idan kuwa zai zauna ne a majalisar ƙofar gida yana jiran damina, abin da ya rasa kaɗan ne. Wannan ne ya sa digiri iri ɗaya kan zama ciniki mai riba ga wani, asara ga wani. Ɗan mai shago a kasuwar Azare da ya riga ya iya saye da sayarwa yana biyan karatunsa da tsada fiye da ɗan ƙauyen da ba shi da jari, ko da kuɗin rajistarsu ɗaya ne.

Na uku shi ne lokaci. Digirin shekara huɗu ne a takarda. Amma ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta yi yajin aikin wata tara a 2020, ta sake yin na wata takwas a 2022. Ɗalibin da waɗannan suka rutsa da shi ya ƙara kusan shekara ɗaya da rabi. Ga shekarar hidimar ƙasa a sama. Shekaru kuma suna da farashi: wanda ya haura 30 kafin ya kammala ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi, sannan hukumomin tsaro da bankuna kan sa iyakar shekaru idan za su ɗauki ma'aikata.

Abin da ke dawowa

Kuɗin farko da mai digiri ke gani shi ne alawus ɗin hidimar ƙasa, wanda ya tashi daga naira 33,000 zuwa 77,000 a 2025. A wata goma sha biyu ya kama naira 924,000, kuma ba a tambayar abin da mutum ya karanta. Ɗan bautar ƙasar da aka tura ƙauye, ya samu masauki kyauta, ya kuma iya riƙe hannunsa, yana iya dawowa da ɗan jari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma mai takardar NCE ba ya samunsa.

Bayan nan ne hanya ke rabuwa. A aikin gwamnati mai digirin farko yana shiga ne a mataki na 8, ko soshiyoloji ya karanta ko tarihi ko lissafi, kuma yana iya hawa har matakin darakta. Mai NCE yana farawa ƙasa da haka, mai takardar sakandare ƙasa sosai. Idan aka samu aikin, to lissafin shekara 35 na albashi da fansho yana rinjayar duk abin da aka kashe, nesa ba kusa ba. Matsalar tana cikin kalmar "idan". Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga na 2024 sun nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna ayyukan da ba na ofis ba ne, mafi yawansu masu aikin kansu. Kujerun albashi kaɗan ne, masu nema kuwa dubbai.

Alƙaluman rashin aikin yi ma suna buƙatar a karanta su da hankali. Hukumar ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin 100 ba su da aiki. A 2023 ta sauya hanyar ƙirga, ta yadda duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi ana lissafa shi mai aiki, sai adadin ya faɗo ƙasa da kashi 5. Mai digirin da ke zaune da na'urar POS a bakin tasha yana cikin masu aiki a wannan ma'auni. Mahaifinsa da ya sayar da maraƙi yana da nasa ma'aunin.

Sannan albashin kansa ya zube. A 2019, lokacin da aka sa mafi ƙarancin albashi naira 30,000, dala tana wajen naira 360 a kasuwa, wato kusan dala 83. A 2024 da aka mayar da shi 70,000, dala ta kai wajen naira 1,500, wato kusan dala 47. A irin wannan yanayi mai hatsi a rumbu da dabba a garke yakan bi farashi sama, mai albashi kuwa yana tsaye. Wannan ne asalin dalilin da ya sa dattawa a ƙauye suka fara kallon takarda da wani ido dabam da na shekarun baya.

Me masana suka gano

Akwai ra'ayi biyu a kan dalilin da ya sa mai ilimi ke samun kuɗi fiye da maras shi. Gary Becker, Ba'amurken da ya ci kyautar Nobel a 1992, ya ce karatu jari ne da ake zubawa a jikin mutum, yana ƙara masa iya aiki. Michael Spence kuwa, a wani rubutu na 1973, ya nuna cewa takarda na iya zama alama kawai, da mai ɗaukar aiki ke amfani da ita wajen tace masu nema, ko da abin da aka koya bai shafi aikin ba. Wanda ya duba yadda ake ɗaukar ma'aikata a Najeriya zai ga cewa Spence ya fi kusa da gaskiyar kasuwarmu: sanarwar ɗaukar aiki kan ce "digiri a kowane fanni", abin da ake dubawa shi ne darajar sakamako da shekaru da jihar asali.

Binciken Bankin Duniya ya nuna cewa a matsakaici kowace shekarar karatu tana ƙara wa mutum kusan kashi 9 cikin 100 na abin da yake samu, kuma ribar karatun jami'a ta fi girma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Amma irin wannan lissafi ana yin sa ne a kan waɗanda suka samu albashi, bai ƙirga waɗanda ke jira ba. A Ingila, inda ake da cikakkun bayanan haraji, wani bincike na 2020 ya gano cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin biyar da ya fi samun kuɗi a rayuwarsa da bai shiga jami'a ba, kuma likitanci da tattalin arziki ne suka fi riba. Fannonin halayya ba sa cikin na sahun gaba a can, a nan ma haka.

Inda ake neman masu fannin da sunansu

Duk da haka akwai ƙofofin da wannan digiri ke buɗewa fiye da wasu. Hukumomin da ke hulɗa da laifi da gyaran hali suna gaba: 'yan sanda, da hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da hukumar gidajen gyaran hali, wadda dokar 2019 ta sauya mata suna ta kuma ɗora mata kula da masu hukuncin da ba na ɗauri ba. Ga hukumar ƙidaya da ta wayar da kan jama'a da ma'aikatun mata da walwala. Tsarin raba daidai da ke cikin kundin mulkin 1999 yana ba kowace jiha kasonta a aikin tarayya, kuma ɗan Gamawa da ba shi da digiri ba ya ma cikin masu neman kason Bauchi a matakin jami'ai.

Aikin da ya fi nuna darajar fannin a Arewa shi ne na cutar shan-inna. A 2003 aka dakatar da rigakafi a Kano saboda zargin cewa maganin na hana haihuwa, cutar ta yaɗu zuwa ƙasashe da dama kafin a dawo da allurar a 2004. Magani yana nan, firji yana nan, abin da ya rage shi ne yardar iyaye. An shawo kan lamarin ne ta hanyar sarakuna da malamai da dubban mata masu shiga gida-gida, da kuma mutanen da suka iya tambayar me ya sa wani gida ke ƙi, suka rubuta amsar, suka tsara saƙon da ya dace. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Irin wannan aiki na sauya ɗabi'a ya ci gaba a Bauchi ta hannun UNICEF, mai ofishin shiyya a birnin, da shirye-shiryen da Amurka ke ɗaukar nauyi, ciki har da shirin rediyon Albishirin Ku da aka riƙa watsawa a Bauchi da Kebbi da Sakkwato. Waɗannan ƙungiyoyi suna biyan albashin da ya ninka na gwamnati, kuma shekaru da yawa su ne burin ɗalibin soshiyoloji.

Sai dai aikin kwangila ne, na shekara ɗaya ko biyu, kuma igiyarsa tana hannun wasu. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, a Yuli kuma aka rufe hukumar USAID baki ɗaya. Ayyuka da dama a Arewa maso Gabas suka tsaya, ma'aikata suka koma gida. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wanda ya gina lissafin karatunsa a kan albashin ƙungiyoyin agaji ya gina ne a kan abin da ba Abuja ce ke yanke shi ba, balle Bauchi.

Batun lafiyar ƙwaƙwalwa ya bambanta, domin buƙatar a fili take. Binciken da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Amma buƙata dabam, gurbin aiki dabam. Mai digirin farko a saikoloji ba ya duba mara lafiya. Sai ya yi digiri na biyu a ɓangaren asibiti da horo a ƙarƙashin ƙwararru, wato ƙarin shekara biyu ko fiye da ƙarin kuɗi, a wata jami'a mai nisa. Guraben kuma sun taru ne a asibitocin koyarwa da na ƙwaƙwalwa irin na Kaduna da Maiduguri da Kware. Iyalin da za su sa ɗansu a wannan hanya su lissafa shekara bakwai ko takwas, ba huɗu ba.

Abin da ke raba masu takarda iri ɗaya

Idan aka dubi waɗanda suka ci moriyar digirin, abu ɗaya ke yawan maimaituwa: sun riƙe darasin da sauran ɗalibai ke gudu, wato hanyoyin bincike da ƙididdiga. Wanda ya iya tsara takardar tambayoyi, ya tattara amsa da waya, ya tace ta a kwamfuta, ya rubuta rahoto da Turanci mai kyau, yana da abin sayarwa ga hukumar lafiya da bankin manoma da kamfanin taki da ɗan siyasa. Idan ya haɗa da Fulatanci ko Barbarci ko Karekare bayan Hausa, kamar yadda yaran wannan yanki da yawa suke tashi da su, ya fi wanda aka turo daga Abuja amfani a ƙauye. Wanda kuwa ya haddace sunayen masana Turai ya amayar a jarrabawa, takardar kaɗai ya fita da ita.

Malanta ma hanya ce, amma ba kai tsaye ba. Soshiyoloji ba darasi ba ne a sakandare. Mai shi kan koyar da ilimin zaman ƙasa ko gwamnati, kuma sai ya ƙara difilomar koyarwa ta shekara guda ya yi rajista da hukumar malamai. Wanda tun farko koyarwa yake so, Kwalejin Aminu Saleh ta fi masa kusa da araha.

Ga 'ya'ya mata lissafin yana ɗan sauyawa. Akwai ayyukan da namiji ba ya iya yi a ƙasar Hausa, domin ba ya wuce zaure: hira da matan aure a kan awo da shayarwa, ba 'yan mata shawara a makaranta, sauraron wadda aka ci zarafinta. Masu ɗaukar aiki kan nemi mace 'yar gari mai takarda su rasa. Kuma sau da yawa abin da za ta rasa na kuɗi a shekarun karatun bai kai na ɗan'uwanta ba.

Hanyoyi biyu na rage nauyi

Akwai hanyar da kuɗin karatu ba ya kan iyaye. Makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda da ke Wudil, a kan titin Kano zuwa Azare, tana ba da digiri a fannoni da suka haɗa da soshiyoloji da saikoloji, kuma wanda ya kammala yana fita da muƙamin mataimakin sufuritanda. A nan tambayar mahaifi ta samu amsa tun ranar shiga. Gurabenta kaɗan ne, ana raba su jiha-jiha, akwai iyakar shekaru da gwajin lafiya, kuma ba kowane yaro ne ke son kaki ba.

Ta biyu ita ce rancen NELFUND, wanda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa dokarsa hannu a Afrilun 2024, aka fara karɓar buƙatu a watan Mayu. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ya ba ɗalibi na ɗawainiya a asusunsa, kuma babu kuɗin ruwa a ciki, abin da ya kawar da damuwar iyaye da yawa game da riba. Ana fara biya ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu, wanda bai samu aiki ba kuma yana iya neman a ɗaga masa. A misali, wanda ya ci bashin naira miliyan ɗaya da rabi, ya samu aikin naira 100,000 a wata, za a riƙa cire masa 10,000, ya gama biya cikin shekara goma sha biyu da rabi. Tun da bashin ba ya ƙaruwa alhali farashin kaya na hawa, nauyinsa na gaskiya yana raguwa kowace shekara. Maraƙin da ba a sayar ba kuwa, a cikin waɗannan shekaru ya zama sa.